Tsakuwata a Ƙwarya ta Uku

Ranar wata Asabar ce a ƙarshen damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Yaya Ishaya ya ɗauko talabijin ɗin abokinsa a ka ya dire a zauren gidanmu na Samaru. An yi ruwa da safe, rana ta fito tana dafa ƙasa, zauren sai warin jiƙaƙƙiyar tabarma da hayaƙin ɗan janareta da ya ajiye bayan katanga. Matan gidanmu da na maƙwabta suka zauna a gaba da goyonsu, mu yara muka cushe a bakin ƙofa muna tunkuɗar juna. A kusurwa ya rataye tabarma, bayanta ya jera ƙwarya uku. Sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zuba wa kowa gyaɗa da wake da tsakuwa a tafin hannu. Da ya kunna talabijin ɗin, abin da ya fito bayan mace ne, da kwando a ka, tana tafiya a 'yar siririyar hanya zuwa cikin dawa. Ban buƙaci ganin fuska ba. Bayan da aka goya ni a kai ne. Mama ce.

Yaya Ishaya ɗalibi ne a jami'a, yana karatun wasan kwaikwayo, yana haya a ɗakin da ke kusa da rumbunmu. Ba ɗan'uwanmu ba ne, daga wajen Kafanchan ya zo, amma a gidanmu duk wanda ya ci tuwon Mama sau biyu ya zama yaya. Aikinsa na shekarar ƙarshe shi ne ya haɗa ɗan gajeren fim mai ban tsoro. Wata rana ya ari kyamara ya roƙi Mama ya ɗauki bayanta in za ta gona, ta yi dariya ta ce in dai ba zai hana ta tsinkar kuɓewarta ba ya ɗauka. Abin da ya rage masa shi ne kiɗan da zai ɗora a kan hoton. Ya samo kala uku daga wurin wani mai haɗa sauti a Sabon Gari, bai san wanda ya fi taɓa mutane ba. Da farko ya gwada tambayar matan da baki, duk wadda ya tambaya sai ta gyara mayafi ta ce, "Da kyau, Allah ya ba da sa'a." Ya gane kunya ba za ta bar kowa ya faɗa masa gaskiya a ido ba. Shi ne ya ɓullo da dabarar ƙwarya. Bayan kowane kiɗa, mutum ya zaga bayan tabarma shi kaɗai ya jefa abu ɗaya: gyaɗa in daɗi ya ji, wake in tausayi, tsakuwa in tsoro. Kiɗan da ƙwaryarsa ta fi tara tsakuwa, shi zai zauna a kan hoton.

Ni kuwa tun ina ƙarama mai fargaba ce. In na ɗaure akuya a turke sai na koma na duba igiyar, in na dawo sai zuciyata ta ce anya kin duba da kyau, in sake komawa. In na rufe rijiya da murfin kwano sai na ɗora dutse, in na ɗora dutse sai na tsaya tunanin ko zai faɗa ciki. Safiya ta Allah ni ke share tsakar gida, in wanke tukwane da toka, in kai markaɗe inji, kuma ban taɓa tafiya makaranta ban leƙa murhu na tabbatar wutar ta mutu ba. Mama tana kirana "uwar tsoro". A wannan daminar kuma tsorona yana da dalili, domin Mama tana da tsohon ciki, kuma wanda ta haifa kafin wannan ya zo bai yi kuka ba. Ba wanda ke zancen a gidan. Amma ina ganin yadda Baba, in ya dawo daga aikin gonar gwaji, yake tsayawa ya dube ta kafin ya jingine kekensa.

Akwai kuma Kaka, mahaifiyar Baba. Ta tsufa kafin ta karɓi baftisma, kuma a ƙauyensu ta tashi tana ganin masu garaya suna kaɗa wa iskoki. Ba ta fashin sujada ranar Lahadi, amma ba ta yarda a yi fito a tsakar gida, ba ta yarda a zubar da ruwan zafi ba a yi magana ba. In muna tsinke zogale takan ce mana, "Kowane kiɗa da mai shi. In ka kaɗa masa nasa, ko yana bayan dutse sai ya zo." Na kuma taɓa leƙen fim a gidan kallo na bakin kasuwa, na lura da abu guda: mutumin da ke cikin fim ba ya jin kiɗan da ke binsa. Yana tafiyarsa hankali kwance, mu da ke waje muna ji, mun san an gama da shi.

Kiɗa na farko sarewa ce mai sauƙi. Mama tana tafiya kamar mai zuwa biki, mata suka yi ta yi mata tsiya, wata ta ce, "Maman Ladi, ashe haka kike yanga in ba ma nan." Na jefa gyaɗa. Na biyu goge ne a hankali, sai tafiyar ta koma ta macen da aka kora daga gida, wata maƙwabciyarmu har da share ido da bakin zani. Na jefa wake. Na uku da ya fara ban ma gane kiɗa ba ne. Wani gurnani ne daga ƙasa, kamar babbar mota tana tahowa daga nesa ba ta isowa, a samansa wani siririn sauti yana ja yana tsayawa, yana ja yana tsayawa. Hanyar nan ce dai, kwandon nan ne dai, amma sai na ga dawar ta ƙara tsawo, ganyenta yana miƙo hannu. Mama ta ɗan tsaya, ta dafa ƙugu, ta ci gaba, dawa ta rufe bayanta. Kaka ta dogara sandarta ta miƙe, ta tofar da yawu a bakin ƙofa, ta ce, "Mai wannan kiɗan ba ya cin tuwo." Ta fice.

Da layi ya zo kaina na zaga bayan tabarma, na tsaya a kan ƙwarya ta uku. Tsakuwa ta riga ta rufe gindinta. Na san in na ƙara tawa, na sa hannu a ɗaura wa Mama wannan kiɗan, ya bi ta duk inda aka kunna kaset ɗin, yana kiran mai shi. In kuma na jefa gyaɗa na yi ƙarya, ga malamar makarantar Lahadi ta sha faɗa mana cewa Allah yana ganin abin da aka yi a bayan ƙofa, balle bayan tabarma. Yaya Ishaya ma sai da ya roƙe mu kowa ya jefa gaskiyar zuciyarsa. Na daɗe har yaran da ke bayana suka fara cewa ko na cinye gyaɗar ne. Tsakuwar da ke hannuna ba wadda Yaya Ishaya ya zuba mini ba ce, cikin nawa na 'yar carafke na ciro ta, fara ce mai jan zare a tsakiya. Na saki. Ta ce ƙwas a kan 'yan'uwanta. Da yamma Yaya Ishaya ya juye ƙwarya ta uku a faranti yana murna, ya ce na uku ya ci.

Daga ranar kiɗan nan ya tare a kunnena. In na kai markaɗe, shi nake ji a ƙarƙashin ƙarar inji. In manyan motoci suka bi titin Sakkwato, shi ne. Ƙananan jiragen nan da ke shawagi daga wajen Palladan, da a da mukan bi su da gudu muna ɗaga hannu, suka koma in na ji su sai in toshe kunne. A makaranta lokacin tara, ƙawayena suna zaune a gindin darbejiya suna carafke, ni ko taɓa tsakuwa ba na iyawa. Malam ya tashe ni karatu na tsaya ina kallon allo, hankalina yana kan ko Mama ta fita. Ban faɗa wa kowa ba, domin Kaka ta ce mugun abu in ka kira sunansa ka ba shi kujera. Sai na koma dabara. Na ɓoye kwandon Mama a bayan rumbu. Ta ɗauki ƙwarya ta tafi. Na ce cikina na ciwo don ta zauna, ta jiƙa mini kanwa ta tafi. Daga nan na ce ni zan riƙa zuwa tsinko kuɓewa da yakuwa, ta huta. Ta dube ni ta ce, "Ke da ko bayan gida sai an raka ki?"

Na je kuwa, sau ɗaya, bayan an tashi makaranta, rana tsaka. Gonarmu tana bayan unguwa, inda gidaje suka ƙare. Na tsaya a daidai inda Yaya Ishaya ya kafa kyamararsa, na kasa kunne. Ba komai sai iska. Na shiga. Dawa ta haɗe a saman kaina, ganyenta yana yankar hannuna, ba na ganin gaba ba na ganin baya. Ina cewa a raina in mai kiɗan ya zo ya tarar da ni, wataƙila ya haƙura da Mama. Ina wannan tunanin wani abu ya fashe da gudu a gefen ƙafata, fakara ce ta tashi fir. Ban san lokacin da na yar da ƙwaryar ba. Na iso gida ba kuɓewa, ba ƙwarya, takalmi ƙafa ɗaya. Na ce wa Mama tsuntsu ne ya ba ni tsoro, wanda gaskiya ne, amma ba duka ba.

Ana nan sai wata Asabar Mama ta shirya zuwa kasuwar Sabon Gari sayen kayan haihuwa, ta ce in zo in riƙe mata kaya. A tasha muka haɗu da Yaya Ishaya, muka shiga bas ɗaya. Muna wuce Hanwa ya ce wa Mama yau za a ɗaura kiɗan a kan hoton, daga yau an gama, in tana so ta biyo ta ga yadda ake yi. Ni ina manne da taga, na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. A kasuwa Mama ta yi ta ciniki, baho da zannuwa da sabulu da man kaɗe, ni ina biye da ita cikin turereniyar masu kura da hayaniyar dillalai, ban ga komai ba. Da muka gama ta ce bari mu leƙa mu ga ɗan nan, kada ya ce mun ƙi.

Shagon mai haɗa sautin ɗan ƙarami ne a bayan masu sayar da kaset, an manna katifa a bango don kada ƙara ta shigo. Mai shi wani ƙaton mutum ne mai fara'a da kowa ke kira Oga Monday. Ya ba Mama kujerarsa, ya kunna hoton, ya sa hannu zai saki kiɗan. Ban san inda na samu ƙarfin ba. Na ajiye bahon na shiga tsakaninsa da na'urar, na ce da Yaya Ishaya, "Yaya, ina so ka ba ni tsakuwata."

Ya ce, "Wace tsakuwa, Ladi?"

"Wadda na jefa a ƙwarya ta uku. Na fasa. Ba ƙarya na yi ba, tsoron na ji. Amma ban yarda a sa wa Mama ba."

Daga nan kuka ya ƙwace, komai ya fito: maganar Kaka, mai kiɗan da ba ya cin tuwo, jaririn da bai yi kuka ba. Wannan na ƙarshen ban taɓa furta shi ba sai ranar. Oga Monday ya so ya lallashe ni. Ya jawo piyanonsa irin na coci, ya danna da yatsa ɗaya, gurnanin ya fito, ya ɗaga ya ɗauke. Ya ce, "Kin gani, ƙanwata? Ba aljani, ba komai. Ni ne nan, ni kuma ina cin tuwo, dubi cikina." Yaya Ishaya ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce wa Oga Monday mai garaya ma da yatsa yake kaɗawa. Sai dariyar Yaya Ishaya ta tsaya, ya sosa ƙeya.

Mama ce ta jawo ni jikinta. Ta ce, "Ashe ke ce ɓarauniyar kwando." Sannan ta ce da Oga Monday ya kashe duk wani kiɗa, a bar mata hotonta haka. Aka kunna shiru. Ta sa yatsa a gilashin tana nuna mini. Ta ce nan da na ga ta tsaya, ƙaya ce ta shiga silifas ɗinta. Nan da ta dafa ƙugu, ɗan da ke cikinta ne ya yi mata shuri. Ta ce, "Ni da nake tafiyar ban ji kiɗan kowa ba. Waƙar zumuntar mata nake yi a bakina, ina tunanin ko daddawa ta rage." Ta juya wurin Yaya Ishaya ta tambaye shi ina muryarta ta tafi, ko kyamarar tasa kurma ce. Ya ce a'a, ta ɗauka, shi ne ya cire. Ta ce to a mayar.

Oga Monday ya taɓa wani abu, sai ga gonarmu ta cika shagon. Iska a cikin dawa, zakaran maƙwabta, takun silifas, da muryar Mama tana rera waƙarta ƙasa-ƙasa, tana cinye rabin kalmomin kamar yadda ta saba. Can daga nesa kuma sai ga wata 'yar siririyar murya tana ƙwala kira: "Mama, kin kashe wutar murhu?" Matar da ke cikin hoton ba ta ko juyo ba, ta amsa, "Na kashe, uwar tsoro." Dawa ta rufe bayanta. Oga Monday ya yi dariya har da buga cinya. Ni na tsaya baki buɗe. Ashe ranar ina nan. Ashe abin da ke bin Mama a baya a wannan hanyar ni ce.

Mama ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta. Ta ce da Yaya Ishaya, "Ɗana, kiɗanka ya yi, ka ga shaida. Amma bayan nawa ne. Ka nemi wani bayan ka ɗora masa." Ya fara cewa lokaci ya ƙure, ta ce 'yan matan jami'a ba su ƙare ba, za ta ara wa ɗaya zani da kwando, in an samo inda aka ɓoye shi. Haka aka yi. Cikin makon wata ƙawar karatunsa ta ɗaura zanin Mama ta shiga dawarmu tana ɗaga ƙafa kamar mai taka wuta. Na tambaye shi ko ita ba ta da ciki, ya rantse mini ba ta da shi. Farantin tsakuwar kuwa yana nan ƙarƙashin gadonsa, ya jawo ya ce in zaɓa. Ban sha wahala ba, fara ce mai jan zare.

Tsoron bai tafi duka ba, sai dai ya koma daidai girmana. Lokacin yankan dawa, wata safiya, aka tafi da Mama asibiti a Shika. Na wuni a zaure ina kasa kunne, ban ji komai ba sai tattabaru. Da la'asar Baba ya dawo a keke, tun daga bakin lungu yake kaɗa ƙararrawa. Ya ce namiji ne, kuma kukansa har waje.

Yau inda gonarmu take gidajen hayar ɗalibai ne, hanyar ma ba a gane ta. Karatuna bai wuce firamare ba, ɗinki nake yi a bakin kasuwar Samaru, kuma har yanzu sai na koma na taɓa kwaɗon shago bayan na kulle. 'Ya'yana suna kallon fim a waya, in ya ƙare su danna alamar ɗan yatsa sama ko ƙasa su wuce na gaba, ba mai tsayawa da tsakuwa a hannu. In irin wancan gurnanin ya taso nakan ce su rage murya, su yi ta yi mini dariya. Kaset ɗin Yaya Ishaya ban san inda ya ƙare ba, da na sani da na roƙi wanda ke da waƙar Mama. Mama ta rasu ina da 'ya'ya biyu, wata ranar Talata da hantsi, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na yi shekaru ina kasa kunne saboda ita. Ranar babu kiɗan da ya gaya mini.